Wane Mutum Ake Nufi? Sharhi Kan Koyar da Ƙirar Manhajar Kwamfuta a Digirin Farko

A watan Disamba na shekarar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabon tsarin karatun digirin farko, wato CCMAS, wanda ya maye gurbin BMAS na 2007. A cikinsa ilimin kwamfuta ya zama fage mai cin gashin kansa, kuma injiniyancin manhaja na daga cikin digirorin da ya ƙunsa. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike daidai da bukatun yankinta. A wannan sharhi, manhaja tana nufin ta kwamfuta da waya. Wadda malamai suka sani a makaranta mun kira ta tsarin karatu, don gudun ruɗani.

Babu ja a kan cewa ɗaga darajar fagen ci gaba ne. Damuwarmu tana kan abin da ake kira ƙira mai sa mutum a gaba. Tun 1988, a littafinsa kan ƙirar kayan amfanin yau da kullum, Donald Norman ya nuna cewa idan mutane da yawa suna kuskure iri ɗaya wajen amfani da wani abu, to, a tuhumi wanda ya ƙera shi. Duk da haka, jagoran tsarin karatu da ƙungiyoyin ACM da IEEE suka fitar a 2013 sa'o'i 8 kacal ya ware wa hulɗar mutum da kwamfuta, cikin sa'o'i 308 na darussan wajibi. Wannan ɗan lokaci ma, a ajujuwanmu yakan ƙare wajen haddace ƙa'idoji daga littattafan da aka rubuta a Amurka, inda mutumin da ake misali da shi yana karanta Ingilishi, yana da intanet, wutarsa ba ta ɗaukewa.

Mu ɗauki abu mafi sauƙi, gurbin rubuta suna. Ɗalibin da aka koya wa cewa suna haruffa ne daga A zuwa Z zai rubuta manhajar da za ta kori Sa'adatu da Isma'ila saboda alhamza, ta mayar da Ɗanladi wasu alamomi marasa ma'ana. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun daɗe a cikin ma'aunin Unicode, saboda haka uzurin na'ura ya ƙare. Abin da ya rage rashin koyarwa ne. Wanda bai san Hausa ba zai ɗauka ƙugiya ado ce, alhali ita ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa. Haka nan Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya take rubuta 'y, kuma manhajar bincike da ba a sanar da ita wannan ba za ta ɗauki kalma ɗaya a matsayin biyu.

Farkon shekarar 2023 ya nuna inda abin yake kaiwa. Ƙarancin takardun Naira da ya biyo bayan sauya fasalinsu ya tilasta wa 'yan kasuwa da manoma tura kuɗi ta lambobin USSD, waɗanda yawancin umarninsu da Ingilishi yake, kuma zaman yakan katse kafin mai karatu a hankali ya gama. Mai irin wannan hali yakan miƙa wayarsa ga mai POS, har da lambar sirrinsa. Wannan matsalar ƙira ce kafin ta zama ta tsaro, kuma waɗanda suka yi digiri a kwamfuta ne suke tsara irin waɗannan shafuka.

Tsarin ya wajabta wa kowa darasin sadarwa cikin Ingilishi da na al'ummomi da al'adun Nijeriya. Amma sanin al'adu a dunƙule ba ya koya wa ɗalibi zama kusa da mai sayar da hatsi ya ga inda yatsanta ya tsaya. A ganinmu nan ne amfanin kashi 30 ɗin: darasi guda da sashen kwamfuta da sashen harsunan Nijeriya za su koyar tare, a kuma hana maki ga duk aikin kammala digiri da ba a gwada shi da masu amfani na gaske ba. Jakob Nielsen ya nuna a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan fito da mafi yawan matsalolin amfani. Mutum biyar ba su fi ƙarfin ɗalibin da ke zaman SIWES ba.

Mu ma masu nazarin harshe muna da namu laifin. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990 harshe da adabi da dabarun koyarwa ya shafa, kuma ɗalibin Hausa yakan gama digiri bai taɓa fassara shafin waya ɗaya ba, inda kalma takan zama dole ta shiga maɓallin da bai ɗaukar haruffa goma. Idan sashen kwamfuta ya amsa gayyatar gobe, sai an fara horar da malamin da zai shiga ajin daga ɓangarenmu.