Tsakanin Kilisa da Sukuwa: Tarke a kan Wasan Dogon Zango na Dawaki

Manufar wannan maƙala ita ce auna wata da'awa da masu wasan dogon zango a kan dawaki suke yi, watau cewa wasa ne na nishaɗi wanda kowane irin doki zai iya shiga, ba tare da an tambayi asalinsa ba. Hausa tana da kalmomi biyu da za su yi amfani wajen wannan awo: kilisa da sukuwa. Mai kilisa yana hawa ne don motsa doki da shan iska, ba ya neman ya riga kowa. Mai sukuwa kuwa ya saki linzami ne.

Tushen wasan bai yi kama da kilisa ba ko kaɗan. A shekarar 1892 hafsoshin sojan Jamus da na Ostiriya sun yi tsere tsakanin Balin da Biyana, tafiyar fiye da kilomita 500. Wanda ya zo na ɗaya ya ƙare cikin kwana uku, amma dokinsa bai rayu ba, haka ma wasu dawakin da dama.

Sigar da aka sani a yau ta samo asali ne a Amurka a 1955, lokacin da Wendell Robie da abokansa suka ratsa duwatsun Kalifoniya, daga wajen tafkin Tahoe zuwa garin Auburn, mil 100 cikin kwana guda. Wannan tafiya ce ta zama gasar Tevis. A 1972 aka kafa ƙungiyar AERC, wadda takenta yake nuna cewa isa ƙarshen hanya shi ne cin nasara. A nan da'awar tana da madogara. Ba a hana kowane irin doki shiga, har alfadari ma ana hawa. Duk wanda ya ƙare Tevis cikin awa 24 da doki lafiyayye yana samun kan ɗamara na azurfa, ko da shi ne kurar baya. Akwai kuma kofin Haggin, wanda ake ba dokin da ya fi ƙoshin lafiya cikin goman farko.

Sai dai abin dubawa shi ne irin dokin da yake zuwa kan gaba, kuma kusan kullum dokin Larabawa ne ko ruwa-biyunsa. Dalilin yana cikin dokar wasan kanta. An raba hanya zango-zango, kuma a kowane zango likitan dabbobi yana duba doki: bugun zuciyarsa, da alamun ƙishirwa a jikinsa, da ko yana ɗingishi. A dokar hukumar FEI ta duniya, sai bugun ya sauko zuwa 64 a minti ɗaya kafin doki ya wuce, agogo kuwa yana ta tafiya har sai an gabatar da shi. Dokin Larabawa ba shi da nauyin jiki, fatarsa ba ta da kauri, zafi yana saurin fita daga jikinsa, don haka zuciyarsa takan kwanta tun ƙaton ingarma yana haki. Ke nan dokar da aka kafa don tausayin doki ita ce ta fifita wani iri a kan sauran. Ba aibu ba ne ga dokar, amma ya kamata masu da'awar su riƙa faɗin haka, maimakon su tsaya ga cewa ƙofa a buɗe take.

Inda kuɗi da suna suka shigo, kilisar takan ɓace ɗungum. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ana yin kilomita 160 a shimfiɗaɗɗiyar hamada, motoci na biye da mahaya, kuma sau da yawa mahayin bai san dokin ba sai ranar hawa. Karayar ƙafa da ba dawaki ƙwayoyi sun yi yawa har FEI ta dakatar da hukumar ƙasar na wasu watanni a 2015. Likitoci suna nan a kowane zango, amma likita yana ganin doki ne bayan an riga an zabge shi da gudu.

Abin mamaki, ɓangaren da ya fi cika da'awar shi ne wanda wasu tsofaffin mahaya suke yi wa kallon wasan yara, watau gajeren zango na mil 25 zuwa 35. A ƙa'idar AERC, ba a lissafa mahayi ya iso sa'ad da ya tsallake layi, sai lokacin da bugun zuciyar dokinsa ya sauko zuwa 60. Wanda ya shigo da sukuwa yana iya tsayawa riƙe da ragama yana zuba wa dokinsa ruwa, wani ya zo daga baya a kan ƙuru yana takawa a hankali, a rubuta sunansa kafin nasa.