BABI NA HUƊU: Dabarun Ban Dariya a Shirin 'Yan Tsana na The Muppet Show, Fitowar Harry Belafonte (1979)

4.1 Shimfiɗa

A babi na uku an bayyana hanyoyin raha da aka saba da su a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wato 'yankamanci da tashe da wasan barkwanci. A nan za a ɗora waɗannan ma'aunai a kan shirin talabijin na 'yan tsana mai suna The Muppet Show, domin a ga abin da zai iya ba Bahaushe dariya a cikinsa da abin da ba zai iya ba. Jim Henson, Ba'amurke, shi ne ya ƙirƙiro shirin, amma a Ingila aka ɗauke shi daga 1976 zuwa 1981, fitowa 120. Tsarinsa ɗaya ne kullum: wani kwaɗo mai suna Kermit yana shugabantar gidan wasa, ya gayyato shahararren baƙo ɗan Adam, sannan 'yan wasansa su yi ta dagula masa lissafi. Fitowar da aka zaɓa ita ce ta mawaƙi Harry Belafonte (1927-2023), wadda aka nuna a 1979.

4.2 Katsalandan

Babbar dabarar wannan fitowa ita ce katsalandan, wato a katse mai magana yana tsakiyar abu mai muhimmanci. Belafonte ya tashi rera "Day-O", waƙar 'yan dakon ayaba ta ƙasar Jamaika, wadda ya yi suna da ita tun 1956. Asalinta waƙar wahala ce: leburori sun kwana suna lodin jirgin ruwa, gari ya waye, suna jiran mai ƙidaya ya ƙirga kayan su tafi gida. Sai Fozzie, ɗan barkwancin gidan da barkwancinsa ba ya ci, ya naɗa kansa mai tsara waƙar. Ya yi ta tsayar da mawaƙin da tambayoyi, ya aika a kawo ayaba, ɗan aike ya riƙa dawowa da albasa da abarba da gauta. Waƙar da ta kamata ta tafi a miƙe sai ta koma tafiyar kura, ana yi ana tsayawa.

Idan aka dubi wannan da idon Bahaushe za a tarar ba baƙon abu ba ne. Gidley (1967) ya nuna cewa jarin ɗan kama shi ne ya ɗauki abu mai kwarjini, kamar wa'azin malami ko waƙar fitaccen makaɗi, ya juyar da shi ya koma zancen tuwo da miya da nama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a da'irar 'yan kama, a gidan biki ko a kasuwa irin ta Sheme, ya san cewa dariyar ba a cikin abincin take ba, tana cikin tazarar da ke tsakanin muryar girma da ƙanƙantar abin da ake faɗa. Haka nan albasar Fozzie. Bambancin kawai shi ne ɗan kama yana kwaikwayon mai waƙa a bayan idonsa, a nan kuwa mai waƙar yana tsaye ana yi masa, kuma dole ya daure. Haƙurin Belafonte, da yadda yake kallon Fozzie kamar yaya yana kallon ƙanen da ya ishe shi, shi ne rabin dariyar.

4.3 Izinin cin fuska

Tambayar da ta biyo baya ita ce, me ya ba tsumma da soso damar wulaƙanta babban mawaƙi ba tare da an ji haushi ba? Amsar tana cikin wasan barkwanci. Bakatsine yana faɗa wa Banufe ko Bahaɗeje maganar da in wani ya faɗa sai an kai ga alƙali, jika yana yi wa kakarsa ba'a, taubashi yana tare taubashinsa da neman kuɗin shara a watan Cika-ciki. A duk waɗannan akwai yarjejeniyar da ta riga maganar, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. Baƙon da ya yarda ya shiga gidan Kermit ya zama abokin wasan 'yan tsana ke nan.

Waɗanda suka fi cin moriyar wannan izini su ne tsofaffi biyu, Statler da Waldorf, masu zama a wata baranda a sama suna kushe duk abin da aka yi. Matsayinsu ya yi kama da na dattawan bakin kasuwa masu yi wa yara 'yan tashe tsiya kafin su ba su sadaka. Sai dai akwai wani aibi da ya kamata a faɗa. Ɗan kama yana auna kansa da fuskokin mutane, in ba a yi dariya ba ya sauya salo nan take ko ya kwana da yunwa. A wannan shiri kuwa dariyar 'yan kallo naɗaɗɗiya ce, da na'ura aka saka ta. Saboda haka tsofaffin nan biyu suna cike gurbin 'yan kallo na gaskiya ne, suna kawo barazanar kushe wadda babu ita a zahiri. Dabara ce mai kyau, amma ba ta kai haɗarin da'ira ba.

4.4 Abin da ba ya ƙetare harshe

Zaren da ya ɗinke fitowar shi ne Fozzie ya dage sai ya rubuta wa shirin abin da za a faɗa, ga shi bai iya buga tafireta ba, har Kermit ya karanto gaisuwar buɗe taro haruffa a birkice. Wannan dariya ta Ingilishi ce zalla, in an fassara ta mutu. Mai son kwatankwacinta sai ya nemi Hausar barikin Samanja, ta Usman Baba Pategi. Gasar kiɗan ganga tsakanin Belafonte da Animal kuwa ba ta bukatar tafinta ko kaɗan. (Aladun shirin ma wata matsala ce: Bature yana ganin abin raha, mai kallo a Sabuwa ƙyama za ta riga dariya zuwa masa.)

4.5 Inda aka ajiye wasa

Wurin da fitowar ta fi ƙarfi shi ne wurin da ta daina ba da dariya. Belafonte ya zauna da Fozzie ya ba shi labarin wani mai ba da tatsuniya da ya sadu da shi a ƙasar Gini, sannan ya rera "Turn the World Around" tare da 'yan tsana da aka ƙera da siffar fuskokin sassaƙa na Afirka. Babu wanda ya katse shi. Da ita aka rufe shirin maimakon kiɗan rufewa na kullum, kuma tsofaffin baranda, maimakon kushe, sai suka kama amshi. Wannan ya yi tasiri ne saboda mai kallo ya saba da tsiyarsu, kamar yadda ta'aziyyar taubashi take ratsa jiki fiye da ta kowa, don an san bakinsa da wasa. Belafonte ya sake rera wannan waƙa a taron juyayin mutuwar Henson a 1990.

Duk da haka ba a rasa abin cewa. Shirin ya ɗauki Afirka kamar gari guda mai fuska guda. Waɗannan fuskoki ba na ƙasar Hausa ba ne, kuma yaro a Faskari dodo zai kira su, ya nemi bayan uwarsa, alhali an yi su ne domin su jawo natsuwa. Masu shirya wasan 'yan tsana da Hausa, irin Dandalin Sesame wanda ya samo asali daga Sesame Square na 2011, za su fi cin riba in sun ɗauki tsarin katsalandan da na tsofaffin baranda, su bar fuskokin da aladun a inda suka gan su.