Gemun Auduga: Nazari kan Sana'ar Sauya Kamanni a Wasannin Adar

Sauya kamanni shi ne aikin mayar da fuskar ɗan wasa da jikinsa na wani mutum dabam: yaro ya koma tsoho, lafiyayye ya koma majinyaci, ɗan Adam ya koma dodo. Ya bambanta da kwalliyar amare, wadda burinta ta fito da kyan mai fuskar, domin shi burinsa ya ɓoye mai fuskar ya fito da wani. A kwalejojin fasaha na Turai da Amurka darasi ne mai zaman kansa da ake shekaru ana koyo, haɗe da dabarun rufa ido na fim. A Tawa da ƙasar Adar kuwa, an saba jin masu sukar wasannin gida suna cewa babu wannan sana'a sam, abin da ake gani shafe-shafen toka ne na yara, kuma duk mai son koyonta sai ya tafi Faransa ko Legas. Wannan hukunci na wanda ya kalli kayan aikin ne, bai tsaya ya kalli aikin ba.

Tarihin abin a nan ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai tashe, wanda yara ke fita yi da dare bayan azumi ya kwana 10, gida gida, da gemun auduga da tsumma da fuskar da aka shafe da bula ko baƙin tukunya. Akwai wasan kara na bayan girbi, wanda ya fi shahara a Damagaram, inda samari ke kwaikwayon masu mulki da bindigogi da tabarau na kara. Akwai bori, wanda Nicole Échard ta yi dogon bincike a kansa a Adar ta wallafa a 1989, inda riga da hula da abin riƙo ke shaida wa ƴan kallo wane ne ya hau. A arewa, wajen Abalak, samarin Fulani Woɗaaɓe kan shafe fuska da jar ƙasa ko rawaya a ƙarshen damina, su ja layi daga goshi zuwa haɓa, su baƙanta leɓe don farin haƙori ya fito. Nasu ado ne, amma ya nuna sun san launin da ke ɗaukar ido daga nesa a kan baƙar fata cikin rana. Daga baya, a zamanin Seyni Kountché, samariya da bikin matasa na ƙasa da aka fara a 1976 suka ɗauki teyatur suka hau da shi dandalin gidajen matasa, irin gidan Albarka Tchibaou na Tawa, sannan telebijin ta shigar da Yazi Dogo da abokan wasansa cikin gidaje. Duk waɗannan sun gaji dabara ɗaya, kuma wurin da ta fi fitowa fili shi ne wasan tashe na tsoho da gemu.

Kayan aikin guda uku ne: auduga, ƙaro da toka. Audugar sai an cire mata gurya an yi mata shiɓa ta yi laushi, domin wadda ba a shiɓe ba curi-curi take zama a haɓa. Ƙaro, musamman na dakwara, ana jiƙa shi da ruwa kaɗan har ya yi kauri. Mai gaggawa yakan shafa ya manna nan take, gemun ya zame. Gwani yakan shafa ya jira har ƙaron ya fara shan iska, ya taɓa da yatsa ya ji yana kamawa, sannan ya soma ɗora audugar daga ƙarƙashin haɓa yana hawa sama, sili bisa sili, kamar yadda ake baibayar ɗaki daga ƙasa zuwa tsakiyar kai. Ta haka kowane sashi ke rufe tushen na ƙasa da shi, sai layin ƙarshe kawai ya rage a fili, shi kuma a tsinke shi ya yi shara-shara yadda fata za ta riƙa leƙowa ta tsakaninsa. Wannan tsari shi ne ainihin wanda ake koya wa ɗalibin kwaleji da gashin ulu na kanti da gam na musamman. Littafin Richard Corson kan kwalliyar dandali, wanda aka fara bugawa a 1942 kuma har yau ake karantar da shi, a kan wannan hanya yake koyar da dasa gemu.

Farar auduga tas tana tona asirin kanta, domin furfurar mutum ba ta taɓa yin farin alli. Saboda haka ake dusashe ta da ɗan toka, ko a tsoma ta a ruwan shayi a shanya, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. Siffar gemun ita ma magana ce. Cikakken gemu mai haɗe da saje yana kiran malami ko dattijon fada. Ɗan tsirit a kan haɓa, mai karkata gefe guda, yana kiran tsohon da duniya ta juya wa baya, wanda shi ne na tashe. Kafin yaron ya buɗe baki ƴan kallo sun riga sun san ko girmamawa za su yi ko dariya.

Aikin toka ya fi na auduga zurfi, kuma nan ne masu suka suka fi kuskure. Littattafan Turawa sun ginu a kan farar fata, inda ake zana tamoji da launi mai duhu sannan a bi gefensa da mai haske. A kan fatar Ba'adare layin gawayi yakan ɓace tun daga taku kaɗan, domin baƙi bisa baƙi ba ya nuna komai. Abin da ke nunawa shi ne haske. Mai gwanin hannu yakan sa ɗan wasa ya tamke fuska iya ƙarfinsa, ya runtse ido, ya tattare goshi, sai a bi tudun fatar da toka sama-sama da tafin yatsa. Idan ya saki fuskar, kwarin da ya naɗe bai sami toka ba, ya rage da duhunsa na asali, tudun kuma ya yi furu-furu. Tamojin da ya fito na fuskar mai shi ne, a inda shekaru za su sa shi idan Allah ya ja kwana, don haka yana motsi tare da ita idan ya yi magana. Dick Smith, wanda ya tsufantar da Marlon Brando a fim ɗin The Godfather na 1972, a kan wannan tunani ya yi aiki: ya ja fatar, ya ɗiga ruwan roba, ya busar, ya saki, fatar ta yamutse da kanta. Kayansa sun fi tsada kuma sun fi jure kusancin kyamara, amma shi ma fuskar ya bar wa zaɓen inda za ta naɗe. Ƙari a kan haka, toka a gira da gefen kai tana ba da furfura, a hannu da ƙwauri kuma tana ba da bushewar fatar tsohon da ya daina shafa mai, irin wadda kowa ya sani a lokacin hunturu.

Raunin wannan dabara gumi ne. Ƙaro ruwa ke narkar da shi, kuma idan azumi ya faɗo a bazara, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, gemun kan soma saki daga gefe tun kafin a gama unguwa ɗaya. Sai dai kayan waje ma ba su tsira ba: roba tana ɗagowa idan gumi ya taru a ƙarƙashinta, tana lalacewa a ajiya cikin zafi, kakin da ake yin ƙari da tabo da shi yana yin laushi, silikon kuma sai an yi odarsa da tsada. Ƙaro yana da wata fa'ida da ba a cika lissafawa ba. Ruwan buta kaɗai ya isa ya wanke shi, ɗan wasa ya yi alwala ya bi jam'i, alhali gam ɗin kanti sai da wani sinadarin ake cire shi, kuma yakan bar fata da zafi.

Masu suka suna da gaskiya a wuri ɗaya. Abin da ya yi kyau a ƙofar gida da hasken fitila, ko a dandali daga nisan sahu goma, kyamara tana iya fallasa shi idan ta matso. Finafinan Hausa da yawa sun faɗa wannan rami, inda ake ganin saurayi da hoda a kai da fuska sumul ana ce masa Baba, ko aljani da farar hoda da jan-baki har kunne. Laifin a nan na rashin horo ne da gaggawar masu shiryawa. Amma daga nan sai masu sukan su tsallaka su ce ma'aunin gwaninta shi ne a ruɗi mai kallo har ya kasa gane ɗan wasan, kuma wannan ma'aunin Hollywood ne, wadda ita kanta sai a bikin 1982 ta fara ba da kyautar Oscar ta wannan fanni a kai a kai. Wasan Hausa bai taɓa neman ruɗin ba. Matan gidan da ke kallon tsoho da gemu sun san ɗan maƙwabta ne, suna ganin yaron suna ganin tsohon a lokaci guda, kuma daɗin wasan yana cikin ganin biyun tare. Alama ɗaya ake zaɓa, a yi ta da kyau, a bar wa ƙusumbi da sanda da rawar murya sauran aikin. Gano wace alama ce za ta ɗauki mutum gaba ɗaya ya fi lulluɓe fuska da roba wuya.

Babban shaidan wannan ra'ayi ya zauna a Tawa shekaru masu yawa. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya fara da kanikanci, ya koyi aikin fim tare da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, ya jagoranci sashen silima na jami'ar Yamai, daga baya ya koma Tawa ya riƙe otal ya mai da wasu ɗakunansa wurin aikin fim. Fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, kusan nazari ne a kan sauya kamanni: wani ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, cikinsu har da ƴar wasa Zalika Souley, kuma da sa malafa da takalmi da ɗamarar bindiga sai halinsu ya juya, suka addabi garinsu. Ba a taɓa fuskar kowa ba, malafar ce ta yi aikin gemun auduga. A Bon voyage Sim, na shekarar nan dai, kwaɗo ne shugaban ƙasa, kuma ƴan layuka kaɗan na zane sun wadatar a gane wa ake nufi. A Samba le grand na 1977 da Kokoa ya koma ga ƴan tsana da ya ƙera da hannunsa, yana ɗaukar hoto ɗaya, ya ɗan gusa hannun ƴar tsanar, ya sake ɗauka, alhali daƙiƙa ɗaya ta fim tana cin hoto 24. Kokoa kokawar gargajiya ce kwaɗi da wasu dabbobi ke yi, da makaɗa da ƴan kallo, kuma a Tawa ne aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975. Ana ganin ɗinki da kayan da aka yi ƴan tsanar da shi, bai ɓoye ba, kuma duk wanda ya taɓa zama a filin kokawa yana gane kirari da taƙamar ɗan kokawa a jikin kwaɗon.

Saura batun makaranta. Mai neman horo a fannin fim daga wannan yanki yakan nufi makarantar da a da ake kira IFTIC a Yamai, ko cibiyar koyon fim ta ƙasa da ke Jos, ko sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Bayero a Kano. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ta fi karkata ga shari'a da tattalin arziki da horar da malamai. Abin da kwalejin waje ke koyarwa sananne ne: ƙirar ƙoƙon kai da jijiyoyin fuska, haɗa launi, ɗaukar siffar fuska da filasta, gina sabon hanci ko kumatu da yumɓu a kanta, yin mazubi, zuba roba ko silikon, dasa gashi, da haɗa jinin ƙarya. Rabin wannan jeri yana hannun masu sana'a a Adar. Maƙeran fari da ke zuba azurfa ta hanyar gina siffa da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin a zuba ƙarfe, sun san mazubi sarai. Dutsen da ake ƙonawa a sami filasta ana tono shi a jihar Tawa, ana kai wa masana'antar siminti ta Malbaza. Dukawa sun san rini da ɗinki a kan fata, masu lalle sun san tsayuwar hannu a kan jikin mutum.

Abin da ɗalibi zai samu a aji wanda tashe ba ta koyarwa shi ne abin da kyamara ta zo da shi. Na farko sanin yadda launi ke canzawa tsakanin hasken rana da na lantarki, domin jinin da aka haɗa da ruwan zoɓo da sukari yakan yi ja a ido ya koma shuɗi-shuɗi a hoto, sai an gyara shi da ɗan rawaya. Na biyu riƙe kamanni iri ɗaya a tsawon kwanakin ɗauka: tabon da ke kuncin hagu ranar Litinin dole ya kasance a nan da girmansa ranar Alhamis, abin da ake kiyayewa da hoton waya daga gaba da gefe da rubuta ma'aunin kowane haɗi. Na uku lafiyar fata, wato gwada kowane gam ko launi a bayan kunne ko cikin hannu kwana guda kafin a kai shi fuska, tankaɗe toka a raba ta da gawayi da tsakuwa, nisanta ta da ido, da guje wa tozalin da ba a san asalinsa ba, tunda wani yana ɗauke da dalma.