Malamin Harshe, Kada Ka Ji Kunyar Tambaya

Akwai wani sauyi da ke shigowa sassan nazarin harshe na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi, kuma ina maraba da shi hannu bibbiyu. Matasan malamai sun fara fitowa fili suna tambayar juna. Mai koyar da tsarin sauti a Katsina zai ɗaga waya ya kira abokin aikinsa a Sakkwato: "Malam, don Allah ya ake furta kaza a wajenku?" Mai rubuta kundin digiri zai ɗauki babin da ya cije masa ya kai wa wanda ya fi shi sanin ginin jimla. A da, da yawa na ɗaukar wannan zubar da girma ne, har wani ya gwammace ya shiga aji da amsar da bai tabbatar ba.

Ina goyon bayan sauyin ne saboda abin da muke nazari ya fi ƙarfin kunne ɗaya. Bakano zai ce zauna, sauro, aure. Basakkwace zai ce zamna, sabro, amre. Wanda bai taɓa jin bakin yamma ba, da wuya ya gane cewa siffar Sakkwato ce ta riƙe tsohon baƙin, ta Kano kuwa ta sassauta shi, wato abin da masana ke kira dokar Klingenheben. A Zariya da Bauci za ka ji bambancin jinsi ya yi rauni a bakin jama'a, a zangon Kumasi ma haka. Nijar na rubuta ƴ, mu muna rubuta 'y. Wa zai ce ya tattara duk wannan a kansa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tarihin fagen ma shaida ne. Littafin Magana Hausa da Schön ya fitar a 1885 ya ginu ne a kan abin da Dorugu ya faɗa masa da bakinsa. Ƙamusun Abraham na 1949 ya fito ɗauke da sunan Malam Mai Kano tare da nasa. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, aikin taron masana ne na shekaru masu yawa. A Yobe, Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba sun zauna da masu harsunan Bole da Ngizim da Bade kafin ƙamusoshinsu su samu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da aka yi shi a ɗaki an kulle ƙofa.

A wajen koyarwa buƙatar ta fi tsanani. Ɗauki malamar da aka ba kwas ɗin aikatau a karon farko. Ta karanta giredi bakwai na Parsons, ta duba nahawun Galadanci na 1976 da na Newman na 2000. Sai ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, to ci da sha da ja, wane giredi suke?" Littafi zai gaya mata cewa waɗannan ba su shiga cikin bakwai ɗin ba. Amma yadda za ta bayyana wa aji mai cike maƙil cikin minti goma, da Hausar da za su gane, wannan sai wanda ya shekara yana koyar da shi. Tambayarta ga na gaba da ita ba gazawa ba ce, riƙon amanar ɗalibai ne.

Sai dai tambaya na da ladubbanta. Mai tambaya ya fara yin nasa ƙoƙarin, ya faɗi abin da ya duba da inda ya tsaya, kada ya mayar da abokin aiki ɗan aike. Mai amsa kuma ya faɗi garin da ya tashi da inda ya ji abin, domin "ba a faɗin haka a Hausa" sau da yawa ma'anarsa "ba a faɗin haka a unguwarmu". Abin da ya fi damuna shi ne cin haƙƙi: a karɓi misalan mutum, a gina maƙala a kansu, a sami ƙarin girma, sunansa kuwa ko a shafin godiya babu. Duk wanda aka yi wa haka sau ɗaya zai kama bakinsa, kuma fagen ne gaba ɗaya zai yi asara.

Roƙona ga manyan malamanmu shi ne su fara. Ranar da farfesa ya tsaya gaban taron sashe ya ce, "Wannan ya shige mini duhu, wa zai taimaka?", ranar ce ƙaramin malami zai daina ɓoye abin da bai sani ba. Shugabannin sassa kuma su ware zama ko sau ɗaya a wata don irin waɗannan tambayoyi, a rubuta amsoshin tare da sunan wanda ya bayar, a ajiye wa masu zuwa.