Sharhin Fasaha: Hannun Marubuci, Sawun Fatake

Muna Malanbil, bakin Kwara, inda gada ta haɗa mu da Gaya. Sharhinmu na yau a kan rubutun hannu ne. Ra'ayina shi ne, rubutu kasuwa yake bi, kuma hannun mutum yakan faɗi inda ya yi karatu da waɗanda yake hulɗa da su.

Ku dubi allon almajiri a garin nan. Fa'un ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, karatun kuma na Warshu. Salon Magariba ke nan, wanda ya ratso Sahara, ya yi kauri a Barno, Kano ta yaɗa shi. A wannan yanki kuwa, a zamanin da, fataken goro da ke bi ta Borgu zuwa Gwanja ba sa tafiya sai da malami, domin bashi da saƙo suna bukatar shaida a takarda. Shi ya sa Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Karachi a 1934, ya wallafa littafi kan ƙa'idar rubuta wasiƙa. Haka aka yi a Holan: lokacin da cinikin teku ya bunƙasa, 'yan kasuwa suka nemi magatakarda masu kyan hannu, har Jan van de Velde ya buga shahararren littafinsa na salon rubutu a 1605.

Wani zai ce ibada ce ta raya rubutunmu, ba ciniki ba. Gaskiya ne, don Alƙur'ani aka feƙe alƙalami, aka dafa tawada da ƙaro. Sai dai takardar da mahaddaci ke rubutu a kai, fatake ne suka ɗauko ta, kuma ayarin da ya kawo ta shi ya kawo malamin. Wani kuma zai ce saƙon murya a waya ya gama da alƙalami. Lissafi da wasiƙa kam sun koma waya da boko na Faransanci, amma har gobe ana yi wa allon sauka zayyana, dangi su taru su kalla. Abin da kasuwa ta sauke, makarantar allo ta riƙe.

Saboda haka duk mai tsohuwar wasiƙar ajami a adaka, ya kare ta daga gara da damina, don tarihin gidansu ne.