Jiran Magini: Nazari a kan Wasannin Gina Ƙauye da na Kutsa Kogo

A cikin masu sharhi a kan wasannin kwamfuta akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo, wato wai wasannin gina ƙauye da ake bugawa a waya latse-latse ne kawai da aka yi wa ado, alhali wasannin kutsa kogo, waɗanda jarumi ke sauka hawa-hawa cikin ƙarƙashin ƙasa yana sarar dodanni yana kwasar ganima, su ne ma'aunin gwaninta. Wanda ya fi kaifafa wannan suka shi ne Ian Bogost, malamin jami'a a Amurka, wanda a 2010 ya ƙirƙiro Cow Clicker domin yi wa irin su FarmVille shaguɓe, ya sa ba a yin komai a ciki sai latsa saniya sau ɗaya duk bayan awa shida. Shaguɓen ya dace da lokacinsa, amma abin da ya biyo baya ya fi ƙarfinsa.

Kutsa kogo ya samo asali ne daga Dungeons & Dragons na 1974, ya bi ta Rogue na 1980, inda taswira ke sabunta kanta a kowane zagaye kuma mutuwa ɗaya ke shafe komai, sannan Diablo na kamfanin Blizzard ya mayar da shi wasan zafin nama. Gina gari kuwa ya biyo ta SimCity na 1989 da FarmVille na 2009, har zuwa 2012 lokacin da kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fitar da Hay Day da Clash of Clans.

Dabarar da masu suka suka kasa karantawa ita ce jira. A Clash of Clans mai wasa yana farawa da magina biyu, kowane magini kuma aiki ɗaya yake riƙewa har ya gama, aikin da a farko daƙiƙoƙi ne amma daga baya yake cin kwanaki. Idan aka tura magini ya inganta igwa, igwar ba ta harbi har sai an kammala, saboda haka duk wanda ya ƙarfafa tsaronsa na gobe ya buɗe wa mahara ƙofa a yau. Zinaren da aka tara a ma'aji ma ba a tsare yake ba, domin wani ɗan wasa daga wata nahiya yana iya kawo hari cikin dare ya kwashi rabonsa, wanda hakan ke sa gogaggu su ƙarar da dukiyarsu kafin su kwanta. Ganuwa tana inganta nan take, amma ita ma sai da magini wanda hannunsa ke sake, don haka ake barin ɗaya a zaune da gangan domin zuba rarar zinare a bango. Wannan lissafi ne irin na manomin da ke da ma'aikata biyu da gonaki huɗu a farkon damina, kuma wanda ya kira shi latse-latse bai kai ga matakin da kuskuren tura magini ke jawo asarar mako guda ba.

Ba a musun cewa kamfanin Supercell yana sayar da lu'ulu'un da ke yanke jira, kuma wannan ita ce hujjar masu suka mafi nauyi. Sai dai ba ta tsaya a kan ɓangare ɗaya ba, tun da Diablo Immortal, wanda Blizzard da NetEase suka fitar a waya a 2022, ya sha suka mai zafi a kan yawan kuɗin da ƙarfafa jarumi ke ci. Ko da ba kuɗi, ginshiƙin kutsa kogo sa'a ce: a kashe dodo ɗaya sau da yawa ana fatan takobi mai daraja zai faɗo. Agogon magini aƙalla yana faɗa wa mutum ranar da zai karɓi abinsa.

Abin da ya fi tona asirin wannan rabe-raben shi ne cewa manyan wasannin kogo su kansu ba sa rayuwa sai da gida. Diablo na farko yana da ƙauyen Tristram, inda ake komawa wurin maƙeri da mai magani. Hades na 2020, wanda ya ci kyautar Hugo a 2021, yana mayar da jaruminsa Zagreus gidan mahaifinsa duk lokacin da ya mutu, a can kuma yake kashe abin da ya samo wajen gyaran fada da ƙarin ƙarfi mai ɗorewa, kuma a can ne yawancin labarin yake gaba. Masu tsara wasannin kogo sun daɗe da gane cewa sara da suka kaɗai ba sa riƙe ɗan wasa, shi ya sa suka ari ƙauyen suka dasa a bakin kogonsu.