Bakin Mai Ba da Aron Littafi

A garuruwa irin su Maradi da Tasawa da Ƙonni, littafin Hausa ba safai yakan tsufa a hannun wanda ya saye shi ba. Yawancin littattafan daga Kano ko Zariya suke fitowa, su biyo hanyar Katsina da Jibiya a cikin jakar ɗan kasuwa ko ta ɗalibi. In guda ya shigo unguwa, sai ya zaga hannu goma kafin bangonsa ya rabu da shi. Tela ya karanta ya ba malamin lakwal, malamin ya ba matarsa, ita kuma ta miƙa wa maƙwabciyarta ran Lahadi bayan an tashi daga sujada. Mai miƙawa kuwa ba ya miƙawa da baki rufe. Yakan ce, "Malam, wannan akwai daɗi," ko kuwa, "Yaya, wannan sai kin yi haƙuri da shi." Ko yanzu da ake tura labarai ta waya, da irin wannan magana ake tura su. Sau da yawa ita ce dukan sharhin da littafin zai samu a unguwar. Ta isa ta sa mutum ya raba dare yana karatu, ta kuma isa ta sa a cusa littafi ƙarƙashin katifa har gara ta same shi. Tun da ƙarfinta ya kai haka, ya kamata ita ma a ɗora ta bisa ma'auni.

Sa'ad da masu karatu suka ce "akwai daɗi", galibi dariya suke nufi. Ba littafin da ya ci ribar wannan kamar Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga Zariya bayan gasar rubutu ta 1933. Ya cancanci yabon, gama Hausarsa tana gudu kamar ruwan kwari, kuma wanda ya taɓa karanta yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke haƙa wa juna rami ba ya mantawa. Amma a tambayi mai yabon abin da ya sa aka fita neman ruwan tun farko, sai ya yi shiru yana susar ƙeya. Labaran a jere suke kamar duwatsun wuya, ana iya ɗauke na tsakiya a kai gaba ba abin da zai lalace. Mutanen da aka cuta a hanya kuwa, da an juya shafi an gama da su.

Wanda ya sha kashi a bakin masu ba da aro shi ne Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta, tun kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Abin da akan ce a kansa shi ne, "Baba, wannan sanyi gare shi, wa'azi ne kawai." Akwai gaskiya kaɗan a ciki. Shi Umar ɗin, wanda yake ba almajiransa labarin rayuwarsa, ya cika kirki har ya zama kamar ba jini a jikinsa. An sace shi yana yaro, an kai shi hayin hamada, ya tashi a gidan Balarabe Abdulkarim, duk da haka da wuya a ji zuciyarsa ta tafasa. Mai karatun da ya zuba masa ido shi kaɗai, lalle barci zai ɗauke shi.

Amma zuciyar littafin tana wurin uwarsa. Mace ce da ta bar gida ita kaɗai domin neman ɗanta, ta faɗa hannun mutanen da suka yi mata alkawarin taimako suka mai da ita baiwa, aka ja ta har Murzuk, har Tarabulus. Ta ga ɗan nata daga ƙarshe, ba ta daɗe ba ta rasu. Marubucin bai ɗaga murya ya la'anci bauta ba. Ya faɗi yadda ake kai hari a kamo mutane, a raba su, a sayar, da irin muryar da ake faɗin farashin gero a kasuwa. Waɗansu suna ganin wannan aibi ne. Amma wannan sanyin murya shi ne yake tayar da tsikar jiki, domin yana nuna zamanin da abin bai dami kowa ba sai wanda aka kama. Ga mai karatu a Nijar kuwa labarin ba na nesa ba ne. Hanyoyin ayari daga Kano zuwa Murzuk ta cikin ƙasar nan suka ratsa. Sai a 2003 dokar ƙasa ta sanya hukunci mai tsanani a kan bautar da mutum, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta ba wata mace daga yankin Ƙonni gaskiya, wadda aka sayar tana da shekara 12. Da mai ba da aro zai ce, "Ka bi sawun uwar," da littafin ya sami masu karatun da "sanyi gare shi" ta kora.

Jiki Magayi kuma wata irin shari'a ake yi masa, musamman a gidajen masu bi. Da an ji akwai boka da asiri a ciki, sai a ce littafin tsafi ne, kada yara su taɓa. Kaɗan ne suka lura da sunan da ke bisa bango, wato John Tafida, mutumin Wusasa, wanda ya rubuta shi tare da Rupert East. Labarin gajere ne, mai ɗaci. Attajiri Malam Shehu ya ƙwace Zainabu daga hannun saurayinta Abubakar da ƙarfin dukiya da asiri. Abubakar ya sha wahalar duniya yana neman abin ramuwa, da ya samu kuwa bai sauka a kan attajirin kai tsaye ba, sai a kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaro ya zama ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba. Wanda ya kai ƙarshen wannan labari ba ya fitowa da sha'awar zuwa gidan boka. In ana neman aibinsa na gaskiya, ga shi: yana gaggawa ƙwarai wajen ƙarshe, Zainabu kuma, wadda a kanta aka yi dukan rigimar, ba a ba ta bakin magana sosai ba.

Sai littattafan soyayya na Kano, waɗanda suka yawaita tun daga wajen ƙarshen shekarun 1980. A nan dattawa sukan yanke hukunci daga zanen bango, ba su buɗe ba. Da yawa daga cikinsu labudda shirme ne, ga kurakuran ɗab'i kamar tsakuwa a shinkafa. Amma a cikin tarin nan ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu yake, wanda ya fito a 1990, aka kuma buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora saboda amarya, ta riƙe yaranta da sayar da abinci har wuta ta cinye shagon mijin, duniya ta juya masa baya.

A kan wannan littafi kam bakin mata ya fi na maza adalci, gama su sun karanta. Ba su cewa akwai daɗi ko babu. Mai miƙawa takan rage murya ta ce, "Inna, ki karanta, za ki ga wata da kika sani." In littafin ya dawo kuwa, gardama takan tashi a kan ƙarshensa, inda aka matsa wa Rabi ta koma gidan mutumin da ya wulakanta ta. Tsofaffi sukan ce haka zaman duniya yake, domin 'ya'ya ta koma. Matasa sukan ce marubuciyar ta nuna zalunci ne a fili domin a gan shi, ba domin a yarda da shi ba. Akan bar tuwo ya huce a kan wannan magana, kuma sau da yawa wadda take jiran layi takan karɓe littafin ta tafi da shi tun ba a gama ba.